Shafi Na Tamanin da Shida

A Tartu kogi ya daskare tun farkon Disamba.
Ni kuwa ina hawa na uku, bayan tulin takardu,
da jan biro, da shayin da ya daɗe da hucewa.
Sunana Helve. Ba ni ke haƙo ilimi ba,
nawa aikin share hanyar da za a bi a same shi.

Ƙa'idar gidanmu gajeriya ce:
in ka ari maganar mutum, faɗi shafin da ka tsince ta.
Shafi ɗaya, harafi ɗaya a gaban lamba;
in sun fi haka, sai ka ninka harafin.
Tsakanin farko da ƙarshe ka ja layi matsakaici,
ba guntun nan mai ɗaure kalmomi ba.
Mujallar tsallaken titi takan yanke wa lamba wutsiya,
ta rubuta 214–19, wai tsimin tawada.
Mu muna cika ta har ƙarshe.
Shekara talatin ina haɗuwa da editansu a layin burodi,
mu gaisa, mu tambayi lafiyar gwiwa,
amma kan wannan ba mu taɓa shiryawa ba.

Matasa kan ce, Helve, wa zai duba?
Nakan ce, wanda ya ce maka gidansa na cikin gari
bai gayyace ka ba.
Lambar shafi kwatance ce: ga layin, ga ƙofar,
je ka ƙwanƙwasa, ka ji da kunnenka.

Ran Talata Tarmo Kivisild ya kawo maƙalarsa
a kan gansakukar dausayin arewa.
Ya ɗauko jimla daga bakin marigayi Endel Sarapuu,
ya ce tana shafi na tamanin da takwas.
Gani ya kori ji.
Na ɗauki makulli, na sauka ɗakin ƙasa
inda tsofaffin kundaye ke warin ƙura da sanyi.

Shafi na tamanin da takwas taswira ce.
Ruwa, ɗigo-ɗigo, da kibiya mai nuna arewa.
Ko kalma ɗaya babu.
Jimlar tana zaune a tamanin da shida,
can ƙasa, kamar baƙuwar da aka manta a tasha.

Na kira Tarmo. Ya yi shiru, sannan ya ce
a littafin Farfesa Luik ya gani.
Na buɗe Luik: takwas.
Ita kuma daga wani ɗan Helsinki ta kwaso: takwas.
Na bi sawu kamar mai neman akuyar da ta ɓace,
kowa ya rantse ya je gidan,
ba wanda ya taka ko dokin ƙofa.

Wajen ƙarfe biyar, fitilun titi sun kama,
na iso inda sawun ya fara.
Mujallarmu ce. Fitowar kaka, shekarar da na haifi Maarja.
A bangon ciki, da ƙananan haruffa:
mai duba gyara, H. Kuusik.

Na tuna daren. Jaririya na zazzaɓi,
takardu a kan teburin girki,
ido ya yi nauyi, shida ta rufe baki ta zama takwas,
na wuce ta, na sa hannu.

Na daɗe zaune, ban cire safar hannu ba.
Shekara talatin da huɗu ina aika mutane
su ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa.

Na hau sama da ƙyar, gwiwa na ƙara.
Na ja layi a kan takwas ɗin Tarmo,
na rubuta shida a gefe, ƙarama, mai buɗaɗɗen baki.
Sai na jawo farar takarda don fitowa ta gaba:
Gyara. Kuskuren namu ne.
Na soke namu, na sa nawa,
na kashe fitila.